Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar NADDC: A Sauƙaƙa Mana Kwantar Da Kujerar Bayan Mota Da Tayar Da Ita

Zuwa ga Babban Darakta da injiniyoyin Hukumar Tsara Ƙirar Motoci da Bunƙasa Su ta Ƙasa, NADDC, Abuja, da kamfanonin da ke haɗa motoci a Najeriya.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ni tsohon malami ne. Na shafe shekara talatin da ɗoriya ina koyar da aikin mota a kwalejin fasaha kafin na yi ritaya, kuma har yau ban ajiye sifana ba. Na rubuto ne a kan wani abu da na san bai kai girman batun tsadar mai ko lalacewar hanyoyi ba, wato kujerar bayan mota mai naɗewa, wadda ake kwantarwa don a sami wurin kaya, a kuma tayar idan mutane za su zauna. Na daɗe ina jinkirin wannan rubutu don gudun a ce dattijo ya rasa abin magana. Abin da ya faru a gidana ne ya kawar mini da wannan jinkiri. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Surukata ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki, kuma sau biyu a mako maiɗakina ke kai ta asibiti gashin ƙashi. Keken da ake tura ta a kai ba ya shiga but ɗin motarmu sai an kwantar da ɓangare ɗaya na kujerar baya. To ku duba abin da hakan ke nufi ga mace mai shekara hamsin da wani abu wadda ita ma gwiwa ke damunta. Sai ta buɗe ƙofar baya, ta tura kujerar gaba ta matsa, ta zare matashin kai na kujerar baya, ta nemi inda za ta ajiye shi, ta danna wani maɓalli mai tauri da babban yatsa tana jan majinginar da ɗaya hannun, sannan ta zagaya ta buɗe but ta cusa keken. Idan an dawo gida kuma a sake duk wannan a juye. Tayarwar ce ma ta fi wuya, domin majinginar na da nauyi, ba ta da wurin kamawa, kuma mutum a sunkuye yake, rabin jikinsa a cikin mota rabi a waje, duk nauyin a kan ƙugunsa.

Wata rana da yamma maiɗakina ta tayar da kujerar, ta ji ta tsaya, ta ɗauka ta kulle. Jikarmu 'yar shekara bakwai ta zauna a wurin, a but kuma akwai tukunyar gas da aka ciko. Wani mai Keke Napep ya shigo gabansu babu zato, ta taka birki da ƙarfi. Majinginar ta kifo gaba, tukunyar ta turo ta daga baya, yarinyar ta bugi bayan kujerar gaba da fuska. Allah ya taƙaita, leɓe ne kawai ya fashe, aka yi ɗinki biyu. Gudun bai fi na cikin gari ba. Na kwana ina tunanin da a ce a kan hanyar Zariya ne.

Da safe na duba motar. Bel ɗin kujera ne ya shiga tsakanin sakata da ƙarfen da take kamawa, ya hana ta rufewa gaba ɗaya. Ido ba zai gane ba, domin kujerar a tsaye take daidai da 'yar'uwarta. Babu wata alama da ke nuna ba ta kulle ba. Da na kwance sakatar kuma, na tarar giris ɗin cikinta ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare kamar taɓo, shi ya sa maɓallin ya yi tauri tun farko. Maiɗakina ta yi ta zargin kanta, ni kuwa na ce mata ba ta da laifi, kuma da gaske nake. Duk na'urar da ke buƙatar mutum ya zama ƙaƙƙarfa, mai natsuwa, mai lokaci, kafin ta yi aikinta daidai, to na'urar ce ke da gyara. Wannan na koya wa ɗalibaina shekara da shekaru.

Abin da nake so ku ɗauka daga wasiƙar nan shi ne, sauƙin kwantar da kujera da tayar da ita batun tsare rai ne. Mutane na ɗaukarsa batun jin daɗi, irin na'urar sanyaya mota ko kujerar fata. Ni ina ganin yana sahu ɗaya da birki da bel. Kujerar da ke da wuyar tayarwa ita ce ake bari ba a kulle ba. Wadda ke da wuyar kwantarwa kuma ita ce ake lalata wa sakata da gangan don a huta.

Ba sai kun yarda da ni ba. Ku tura wani ma'aikacinku Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kowace tashar mota da Sharan da Sienna da Golf wagon ke lodi, ya roƙi direbobi su buɗe masa but. Zai ga majinginar da aka ɗaure da igiyar roba. Zai ga wadda aka tokare da katako, da wadda mai walda ya liƙe ta dindindin saboda sakatarta ta karye kuma ba a sami wata ba, da wadda aka cire mata sakata ɗungurungum ta yadda kayan da ke but ne kaɗai ke riƙe da ita a tsaye. Zai ga matasan kai an zare an jefar saboda suna hana kujerar kwanciya, alhali su ne ke kare wuyan fasinja idan an bugi mota daga baya. Zai kuma nemi makullan bel ya rasa, domin duk lokacin da aka ɗaga mazaunin aka mayar sai su nutse a ƙarƙashinsa, babu mai haƙurin zaro su. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003, kuma ta daɗe tana kiran na baya su ma su ɗaura. Fasinjan da makullin bel ɗinsa ke binne a ƙarƙashin kushin da me zai amsa wannan kira?

Ban ga laifin direbobin nan sosai ba. Mota ɗaya a wurinmu tana aikin mota huɗu. Da safe ta kai yara makaranta, da hantsi ta ɗauko buhunan masara daga kasuwar ƙauye, da yamma ta kai kulolin abinci gidan biki. Idan rashin lafiya ta tsananta cikin dare, ita ce motar asibiti, a kwantar da kujera a shimfiɗa katifa. Idan ta Allah ta kasance, sau da yawa a cikinta ake ɗaukar mamaci a mayar da shi garinsu. Na taɓa tsayawa a ƙofar wani gida da asuba, maza huɗu suna kokawa da kujerar wata mota a cikin duhu, mai naƙuda tana jingine da bango tana jira. Mai motar a Turai mai yiwuwa sau biyar ya kwantar da wannan kujera a shekara. A hannunmu tana iya kwanciya sau biyar a yini. Wanda ya zana ta bai yi lissafi da mu ba, kuma ba zan zarge shi ba, tun da ba mu ya yi wa ba. Ku ne aka kafa don ku yi lissafi da mu.

Bari in ɗan yi maganar nauyi, don a nan ne mutane ba su gane hatsarin ba. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 17, wadda ta shafi ƙarfin kujerun mota da maɗauransu, tana da wani gwaji na musamman kan kayan but. Ana ajiye dunƙule biyu, kowanne kilo 18, a bayan majinginar, sannan a kwaikwayi karo mai gudun kusan kilomita 50 a awa, a ga ko majinginar da sakatarta za su tare su. A irin wannan karo, kaya na turowa da ƙarfin da ya kai ninkin nauyinsa sau 20 ko fiye. Ƙa'idar Amurka mai lamba 207 ita ma ta ce dole kujera ta jure ninki 20 na nauyinta, kuma dole kujera mai naɗewa ta zama tana da sakata mai kulle kanta. To ku yi lissafin da kayanmu. Jarkar ruwa mai lita 25 za ta zama kilo 500. Buhun shinkafa mai kilo 50 zai zama tan ɗaya cur. Mu kuwa ba buhu ɗaya muke sawa ba. Idan sakatar da ta kulle sosai an gwada ta ne da kilo 36 kacal, me ake tsammani daga wadda ta kama rabi, balle igiyar roba?

Akwai kuma abin da ko makanikai da yawa ba su lura da shi ba. A motoci da dama, bel ɗin mai zama a tsakiya a jikin majinginar kanta aka dasa shi. Wannan ne ya sa ɓangaren da ya fi faɗi, a kujerun da aka raba kashi 60 da 40, yake da nauyi sosai, domin an ƙara masa ƙarfe don ya ɗauki jan bel. Idan wannan ɓangare bai kulle ba, bel ɗin ba ya riƙe komai, shi da mutumin da majinginar tare za su tafi gaba. Haka ma maɗaurin sama na kujerar jarirai, a motoci da yawa a bayan majinginar yake. Ke nan ɓangaren da ya fi wuyar ɗagawa shi ne wanda rashin kulle shi ya fi hatsari.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A watan Nuwamban 2017 kamfanin Honda ya kira motocin Odyssey kusan 900,000, ƙirar 2011 zuwa 2017, a dawo da su a gyara, saboda kujerun layi na biyu na iya kifowa gaba idan an taka birki alhali ba su kulle sosai ba. Rahoton ƙananan raunuka 46 ne ya kai ga haka. Abin lura shi ne ba a ce laifin masu motar ne da ba su kulle da kyau ba, a wuce wurin. An ɗauka cewa idan kulle kujera daidai yana da wuya, ƙirar ce ke buƙatar gyara. A watan Afrilun 2018 kuma, a birnin Cincinnati na jihar Ohio a Amurka, wani yaro ɗan shekara 16 ya miƙa ta saman kujerar layi na uku don ya ɗauko kayan wasansa, kujerar ta juye da shi ta danne masa ƙirji. Ya kira lambar agaji har sau biyu, ba a gano shi a kan lokaci ba, ya rasu. Irin waɗannan motocin iyali su ne ke sauka a tashoshin jiragen ruwanmu bayan sun shekara goma ko fiye a can, su ci gaba da aiki a nan wasu shekaru masu yawa.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne maganin ba sabo ba ne, kuma ba mai tsada ba ne. Tun 1965 Renault 16 ta zo da kujerar baya da ake sarrafawa hanyoyi da dama. Odyssey ta farko, a tsakiyar shekarun 1990, ta zo da layi na uku mai nutsewa cikin daɓen mota. Opel Zafira ta 1999 ta nuna ana iya ɓoye kujeru biyu na ƙarshe ba tare da an cire su an kai ɗaki ba. A 2001 Honda ta mayar da tankin man Jazz ƙarƙashin kujerun gaba, sai wuri ya samu a baya, ta yadda idan an kwantar da majinginar, mazaunin na sauka ƙasa da kansa a motsi ɗaya. Chrysler ta kawo tsarin Stow 'n Go, inda kujeru ke naɗewa su shige cikin daɓen mota, a ƙirar 2005. Ita kanta Sharan da direbobinmu suka sani, ta farkon da ta fito a 1995 sai an ciccibi kujerunta an fitar, amma ta 2010 kwantar da su ake yi a inda suke. Ban kawo waɗannan don tallata kowa ba. Na kawo su ne don a ga cewa masu ƙira sun daɗe da sanin hanyar, abin da ya rage shi ne wani ya ce ana buƙatarta a motocin da ake haɗawa a nan, har da masu araha.

Ga yadda nake ganin aikin a matsayina na wanda ya sha kwance kujeru. Majingina kamar ƙofa ce da aka kafe ta ƙasa. Nauyinta ya fi jin hannu lokacin da take kwance, yana raguwa yayin da take miƙewa. Sifirin mai murɗawa guda ɗaya, idan aka sa shi a kan ƙarfen da take juyawa a kai, zai tara ƙarfi lokacin da take sauka, ya mayar da shi lokacin da ake ɗaga ta. Saukarta za ta zama a hankali, ba za ta faɗo wa yaro a hannu ba, tashinta kuma zai yi sauƙi. Amma a nan akwai wani tarko da nake roƙon injiniyoyinku su kula da shi. Motoci da yawa na zamani suna da sifirin da ke aiki a akasin haka: ka ja liba a but, kujerar ta faɗi gaba da kanta. A wurin sayar da mota abin na burgewa. Sai an zo tayarwa mutum ya gane yanzu yana ɗaga nauyin kujerar ne haɗe da ƙarfin sifirin. An sauƙaƙa rabin da dama mai sauƙi ne, an tsananta rabin da rai ya dogara a kai. Idan dole a zaɓa, a taimaki tayarwa.

Sai wurin kamawa. Ɗalibin ajin farko ya san idan hannun sifana ya yi tsawo, noti na kwancewa da sauƙi. Maɗauri mai kauri da aka ɗinka a saman majinginar, wanda mutum zai iya ja daga but yana tsaye a miƙe, ya fi duk wani turi da za a yi daga ƙasa a sunkuye. Kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba. Maɓallin da ake dannawa da yatsa ɗaya kuma a maye shi da liba mai faɗi da tafin hannu zai kama, ɗaya a kafaɗar kujera ta gefen ƙofa, ɗaya a cikin but, a haɗa su da waya irin ta birkin keke. Wannan waya ko mai gyaran babur zai iya canza ta. Mai ciwon gaɓɓai, da mace mai goyo a baya, da wanda hannunsa ɗaya ke riƙe da mara lafiya, duk za su iya da liba. Da maɓalli ba za su iya ba.

Bel kuma a yi masa ƙugiya a jikin bango da za ta riƙe shi gefe, don kada ya sake shiga bakin sakata kamar yadda ya yi a motata. Makullansa a dasa su a kan ƙarfe mai tsayuwa, su daina nutsewa. Matashin kai ya zama mai lanƙwashewa a inda yake, ba sai an zare ba, domin abin da aka zare a tasha da wuya ya koma. Sannan alamar ja. Motocin Turai da yawa suna da wani ɗan jan tambari kusa da libar, wanda ke bayyana muddin kujerar ba ta kulle ba, ya ɓace idan ta kulle. Da motarmu na da shi, da maiɗakina ta gani. Ina roƙon wannan ya zama wajibi, kuma ya zama babba yadda za a gan shi da fitilar waya.

Na san za a ce ai ga kujeru masu lantarki, a danna maɓalli su kwanta, a danna su tashi. Na gan su, kuma ga mai naƙasa suna da amfani ƙwarai. Amma ina da tsoro biyu a kansu. Na farko, injin lantarki ba ya jin kukan yaro. Idan ba a sa masa na'urar da ke tsayar da shi da zarar ya ji turjiya ba, zai ci gaba da matsewa. Na biyu, batir na mutuwa, waya na cin wuta, kuma ruwan damina na shiga mota. Ranar da za a fi buƙatar kujerar ta kwanta, ranar ce za a rasa mai rewaya. Duk wanda zai kawo mai lantarki, a wajabta masa na'urar tsayawa da kuma hanyar sakinta da hannu. Haka shoka mai iskar gas, irin wadda ke riƙe murfin but. Tana aiki da kyau tana sabuwa, amma kowa ya san direban da ke tokare but ɗinsa da sanda, domin zafi da ƙura sun cinye robar shokar. Idan za a yi amfani da ita a kujera, a yi ta a ma'aunin da ake samu a kasuwa, mai ɗaurewa da noti biyu. Ni dai sifirin na fi amincewa da shi a ƙasarmu.

Yanzu abin da nake roƙo daga gare ku kai tsaye. An kafa hukumarku a 2014 ta hanyar haɗe Majalisar Motoci ta Ƙasa da Cibiyar Ƙirar Motoci da ke Zariya, don haka ƙira na cikin sunanku da asalinku. Kuna da cibiyoyin gwaji a Zariya da Inugu da Legas. Ku zauna da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ku fitar da ma'auni a rubuce na iyakar ƙarfin da ake buƙata don kwantar da kujerar baya da tayar da ita har ta kulle. Gwajin ba ya buƙatar babbar na'ura, sikelin rataye irin na mahauta ya isa a fara. Shawarata ita ce kada ya wuce ƙarfin ɗaga galan ɗaya na ruwa, da hannu ɗaya, mutum yana tsaye. Kuma a yi gwajin sau biyu: kujerar tana sabuwa, sannan bayan an busa mata ƙura an kwantar an tayar sau dubbai. Masu gwadawa kada su zama samarin injiniyoyi kaɗai. A kira mata, a kira tsofaffi, a kira masu lalura ta musamman. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuna da abin da za ku ja kamfanoni da shi ba tare da rigima ba. Tun 2017 akwai umarnin fadar shugaban ƙasa da ya ce ma'aikatu su fifita kayan gida wajen saye, har da motoci. Idan wannan ma'auni ya shiga sharuɗɗan sayen motocin gwamnati, babu kamfanin da zai ƙi sa sifirin da maɗauri. Ga kamfanonin kansu kuma, daga Innoson da ke Nnewi tun 2010 zuwa masu haɗa Peugeot a Kaduna, ina cewa kujera na cikin sassan da suka fi sauƙin yi a gida: ƙarfe ne da soso da yadi da sifirin. Mu da muka girma a Kaduna mun ga lokacin da masana'antar Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975, take fitar da 504, mun kuma san abin da ya sa jama'a suka riƙe motar nan: ta dace da hanyarmu da kayanmu. Ba za ku yi gogayya da manyan kamfanonin duniya a kan injin ba tukuna. A kan kujerar da ta dace da rayuwar ɗan Najeriya kuwa, babu wanda ya fi ku damar sani.

Za ku ce mafi yawan motocin da ke kan titi 'yan Kwatano ne da tokumbo, ba ku kuka ƙera su ba. Gaskiya ne, kuma a nan aikin ya fi yawa. Kuna horar da makanikai a faɗin ƙasar nan. Ku sa darasin kujera a cikin horon: yadda ake wanke sakata a sa mata busasshen mai da ba ya kama ƙura maimakon giris, yadda ake canza waya, yadda ake ƙara maɗauri ba tare da an huda ƙarfen da ke ɗauke da bel ba, da dalilin da ya sa bai kamata a yi wa sakata walda ba. Ku haɗa da masu kushin, don su ne kujera ke fara zuwa hannunsu. Ku taimaki wata ƙaramar masana'anta ta riƙa yin sakata da waya na motoci biyar ko shida da suka fi yawa a tashoshinmu, domin rashin kayan gyara ne ke kai direba ga igiya. Dillalai kuma a nuna musu cewa motar da ta fito daga Amurka ana iya sa lambar shasinta mai harafi da lamba 17 a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta can, kyauta, a ga ko akwai kiran gyaran da ba a yi ba. Jami'an VIO da ke duba fitila da taya, ba zai ɗauke su daƙiƙa goma ba su kama majinginar baya su jijjiga.

Akwai wani sabon abu da ya sa nake ganin maganar ba ta jira. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dubban motoci na komawa amfani da gas na CNG, kuma hukumarku na cikin masu tantance wuraren da ake wannan juyi. Tukunyar gas ɗin a but ake dasa ta, daf da bayan kujerar baya. Na ga motocin da ƙarfen riƙe tukunyar ya toshe hanyar libar, na ga waɗanda aka kwance sakatar don a sami wurin ɗaure noti ba a mayar daidai ba. But ya ƙanƙance, don haka direba zai ƙara buƙatar kwantar da ɓangare ɗaya na kujera, a daidai lokacin da yin hakan ya ƙara wuya. Ku sa a takardar tantancewa cewa bayan an dasa tukunya, dole a nuna kujerar baya na kullewa, kuma libarta na aiki.

Motarmu na gyara ta da hannuna. Na wanke sakatar, na ɗinka maɗauri a wurin mai kushin, na lanƙwasa ƙugiyar bel da guntun ƙarfe, na kuma shafa jan fenti a inda zai nuna idan ba ta kulle ba. Yini ɗaya ya ɗauke ni. Yanzu maiɗakina na tayar da kujerar da hannu ɗaya daga but. Maƙwabta uku sun kawo nasu na yi musu, na huɗu kuma sakatarsa ta riga ta karye, mun zagaya Panteka sau biyu ba mu samu ba, har yau da igiya yake yawo da 'ya'yansa. Na zana duk abin da na yi a takarda da ma'auninsa. Idan cibiyarku ta Zariya na so, zan kawo zanen da motar da kaina, tafiyar ba ta fi awa ɗaya da rabi ba daga gidana.

Allah ya yi muku jagora, ya tsare matafiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin aikin mota,
Kaduna.